Yatsa Mai Tabo Ya Shiga Kabari

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na 1985, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran ɗana na fari a ɗakinsa, nan Gaya, bayan jinyar ciwon hanta. Shi ne bakaniken da ke da gareji a bayan tasha, wanda kuke kai wa ƙananan motoci ya buɗe kapo, murfin inji, ya gaya muku gaskiyarsu. Bai cika shekara talatin ba. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Na faɗi haka ranar, ina kan faɗa har yau.

Na san abin da za a ce. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, balle ta zauna ta rubuta takarda a kansa, ta ce a karanta a taron sadakar arba'in, a kuma manna ta a tasha. Duk na sani. Ɗana, na kiyaye wannan kunya tun ranar sunanka, kai da ɗan'uwan tagwaicinka da ya riga ka tafiya kuna cikin zanen goyo. Ban taɓa kiranka da sunanka ba. "Kai, wannan" nake cewa, ka amsa. Da an bar ka ka kwanta lafiya, da na ci gaba da shiruna har in same ka. Ba a bar ka ba. Ƙasar kabarinka ba ta gama kwanciya ba aka fara cewa ka ci amana kafin ka mutu, har wani bawan Allah ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce bai yafe maka ba duniya da lahira. Wanda ya jawo maka wannan kuwa yana nan yana yawo da sabuwar riga. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da kai, don ba ka kuɓuta daga faɗana ba don ka mutu. Ka bar kwaleji saura kaɗan ka gama. Ni da na yi karatu a lokacin da ƴan matan da ke shiga lakwal a ƙasar nan ba su cika tabarma ɗaya ba, na haifi ɗa mai kai, ya ajiye littafi ya bi baƙin mai, ya tafi Faraku koyon kanikanci. Na so in gan ka da alli a hannu. Har yau ban ce ka yi daidai ba. Kuma da idonka ya fara canza launi, na ce ka tafi likita, ka ce sai ka gama da motar wani. Kullum akwai motar wani. Wannan taurin kai naka ne, ka tafi da shi.

Amma abin da ka koyo, ka koyo shi da gaske, kuma ba ka ci haram da shi ba.

Ga wanda bai sani ba, ga yadda abin yake. Motocin da ke haye gadar Malanbil daga Kwatano iri biyu ne, ko da yake fuskarsu ɗaya, sunansu ɗaya. Akwai wadda aka ƙera tun farko don ƙasashen zafi da ƙura irin tamu. Akwai kuma wadda aka yi don ƙasar sanyi, Bature ya gaji da ita, aka loda ta a jirgin ruwa. Ka ajiye erkat biyu a gefen juna, waɗannan ƙananan Reno da suka cika hanyoyinmu, ko mai su ba zai bambanta su daga waje ba. Ta farko za ta yi shekaru tana bin jar hanyar Dioundiou. Ta biyu za ta yi maka kyau a kwalta, ranar da ka shiga daji da ita cikin bazara ta tafasa ta tsaya.

Ban nemi in san wannan ba. Kai ka cusa mini shi a kan tabarmar cin abinci. Wata rana ka jawo kwanon miyata, ka kifa murfi a kansa ka bar ɗan tsaga, ka ce, "Inna, dubi nan. Motar ƙasarmu tana da tukunya kamar wannan kusa da inda inji ke shan iska. A gindinta akwai mai. Iska ta shigo da ƙura, ƙurar ta faɗa cikin man ta maƙale, inji ya sha iska mai tsabta. Ta ƙasar sanyi kuwa takarda ce kawai a cikin faranti." Na doke hannunka na ce miya ba abin wasa ba ce, kuma ka je ka wanke wannan ƙazantar da ke ƙarƙashin farcenka. Ka yi dariya, ka wanke, ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Cewa radiyatar tamu ta fi kauri, fankarta ta fi yawan fukafukai. Cewa akwai farantin ƙarfe a ƙarƙashin cikinta don kada dutse ya fasa tukunyar mai. Cewa ta ƙasar sanyi tana da wani bututu da ke ɗebo iska mai ɗumi ya kai wa inji, da ɗan maƙunni da aka rubuta wa rani da hunturu da Faransanci, abin da ba mu da buƙatarsa ko kaɗan. Cewa in ka leƙa ƙarƙashinta za ka ga tsatsa ta ci ta, saboda gishirin da suke zubawa a hanyoyinsu. Na ce wane irin mutane ne ke zubar da gishiri a hanya, mu nan matan Fogha masu haƙar gishiri na ƙonewa a rana kafin su samu ƙwarya ɗaya. Ka ce, "Shi ya sa motarsu ke ruɓewa, Inna. Alhakin gishiri ne."

Akwai na ƙarshe wanda ka ce ido ba ya gani. Injin ƙasarmu an yi shi ya haƙura da esans, wato fetur, maras kyau. Tun da aka rufe iyakar Kamba, man da ake shigowa da shi ta daji a jarka kowa ya san abin da ake gauraya masa. Sai ka zuba wa mota irin wannan man, ka hau da ita tudun hanyar Doso, ka kasa kunne. In ta ƙasar sanyi ce za ta yi ta ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

In mota ta ci duk wannan jarrabawa, sai ka buɗe gwangwaninka na fenti ruwan ɗorawa, ka tsoma babban yatsanka na dama, ka danna a cikin kapo ta gefen direba. Shi ke nan. Babu takarda, babu hatimi. Daga Tounouga har Karakara, mutumin da bai san komai a mota ba ya san ya ɗaga kapo ya nemi yatsanka. In ya gani ya saya, ya ɗauki iyalinsa a ciki da kwanciyar rai.

Na tuna masuntan Tounouga da suka haɗa kai za su sayi mota ɗaya don kai kifi kasuwa kafin rana ta lalata shi. Ka rufe garejinka ka bi su har Malanbil, kuka yini, ka ƙi motoci da yawa masu sheƙi, ka zaɓar musu wata tsohuwa mai lotsattsiyar ƙofa. Suka dawo ransu a ɓace, suna cewa ka sa sun sayi abin kunya. Tana nan tana aiki. Tun ranar kifi bai yanke a gidan nan ba, har ran da muka zauna makokinka sun aiko da kwando.

Na tuna kuma mai kakin nan da ba zan faɗi sunansa ko muƙaminsa ba. Ya kawo motar da wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga ƙasar sanyi, yana so ya sayar, ya ce ka sa mata yatsa. Ka duba, ka ce mota ce mai kyau ga wanda ba zai bar kwalta ba, amma yatsa ba zai hau ba. A zamanin da muke ciki kowa ya san abin da ake nufi in mai kaki ya ce yana so. Aka zo aka tafi da kai, ka yi kwanakin da ka yi kana sharar wani fili a rana. Da ka dawo na yi maka faɗa, na ce kana da mata da ɗiya. Ka ce, "Inna, in na sa wa tasa, me zan ce wa na Tounouga?"  Na ƙara maka nama a miya, ka lura.

To, yanzu na zo kanka, Bubakar.

Jama'a sun san ka abokin garejin ɗana, wanda ke zuwa Kwatano ya kawo motoci. Ni na san ka tun kana zuwa gidan nan da majina, in zuba muku tuwo a kwano ɗaya. Da uwarka ta rasu, ni na yi maka wanka na aske maka kai. Sau nawa na gaya wa ɗana idonka ya cika rawa, ya ce, "Inna, ɗan'uwana ne." Wannan ma yana cikin abin da nake jin haushinsa a kai.

Ranar sadakar uku ka shigo cikin gida gaishe ni, kamar ɗan gida. Ka durƙusa, ka yi kuka har mata suna ba ka haƙuri. Da aka ɗaga hannu za a yi fatiha, na ga gefen farcen babban yatsanka da rawayen fenti. Na gani, na ajiye a zuciyata, ban san me zan yi da shi ba. Na ce wataƙila kana kintsa kayan mamaci ne.

Bayan ƴan makonni labarin Hama ya iso. Hama direba ne mai jigilar mutane tsakanin Gaya da Karakara, ya sayi erkat a hannunka cikin makon da aka yi rasuwa, saboda ya ɗaga kapo ya ga yatsa. Ranar ya ɗauko wata baiwar Allah, Fatuma, wadda haihuwa ta yi wa gardama, tare da mijinta Siddo, za su kawo ta likita. Suna cikin giginyu, nesa da kowane gari, rana a tsaka, mota ta tafasa, inji ya kama ya ƙi motsi. A gindin giginya Fatuma ta haihu, ba ruwa sai na cikin buta. Ɗan bai zo da rai ba. Ko da sun iso likita zai rayu, Allah kaɗai ya sani, ba zan shiga ikonsa ba. Amma ba su iso ba. Da aka jawo motar zuwa tasha, Siddo ya ɗaga kapo a gaban kowa, ya nuna fentin, ya ambaci sunan ɗana, ya ce mai wannan yatsa ya sayar da shi, kuma bai yafe masa ba duniya da lahira.

Ku kuma mutanen tasha, dillalai da direbobi, kuna tsaye. Kun san cewa watanni biyu na ƙarshe ɗana ko buta ba ya iya ɗagawa. Kun san wanda ke riƙe da mabuɗin gareji. Babu wanda ya buɗe baki. Wasu ma suka ƙara gishiri, wai ciwo ya sa idonsa ya lalace, wai jinya ta ci shi har ya fara karɓar abin hannu. Ku da yake gyara wa mota ranar Juma'a ya ƙi karɓar ko goro. Kun ci shinkafar sadakarsa da wannan bakin. Ba ku ji kunya ba, ni na ji muku.

Surukata Zalika ce ta gaya mini, tana cikin takaba, ba ta da ikon fita ta kare mijinta. Na ɗauki mayafina da hantsi na tafi gareji, wurin da ban taɓa takawa ba yana raye. Na sa Hama ya buɗe mini motar, don can aka tura ta daga tasha. Abin da aka koya mini a kan tabarma duk yana nan a juye. Radiyata siririya. Bututun iska mai ɗumi da maƙunninsa, na karanta rubutun da idona. Na durƙusa da tsufana na leƙa ƙasa, babu farantin ƙarfe, tsatsa kamar an jiƙa ta a kogi. Tukunyar mai kuwa akwai ta, an ciro ta daga wata matacciyar mota an ɗaura da waya. Na buɗe murfin. Busasshiya ƙamas, kuma ba ta haɗe da komai ba. An sa ta ne don ido.

Sannan na dubi yatsan.

Ga abin da ka manta, Bubakar, ko kuma ba ka taɓa lura ba duk zaman da kuka yi. Shekarar da ɗana ya dawo daga Faraku, fanka ta tsaga masa babban yatsa daga farce har gaɓa. Ni na wanke, ni na ɗaure, ina yi ina faɗa. Ya warke da tabo. Duk inda ya danna fenti, sai tabon ya bar siririn layi fari ya raba shaidar biyu. Wadda ke cikin motar Hama sumul take, ba layi.

Ka fito daga ciki kana goge hannu, ka ce, "Inna, ke ce da kanki a rana haka? Ai da kin aiko na zo."

Na ce, "Ka zo ai, ranar uku. Miƙo hannunka na dama."

Ka mayar da shi baya. Mutane sun fara taruwa. Ka ce, "Inna, garejin nan namu ne mu biyu, fentin ma namu ne. Shi da bakinsa ya ce in ci gaba da aiki."

Na ce, "Ya ce ka ci gaba da aiki. Yatsan ma ya cire ya ba ka?"

Wani ya yi dariya a baya, na juya na dube shi, ya daina. Sai ka matso ka rage murya ka ce, "Inna, a bi a hankali. Akwai manya da suka sayi mota a hannuna. Lokacin nan ba a son taro."

Na ce, "Manyan su zo su ɗaga kapo su ma. Ni ban taɓa gwamnati ba, ɓarawo na taɓa."

Na shiga na ɗauko gwangwanin a kan kanta, na fito tsakiyar fili, na juye shi a ƙasa har ya tsiyaye. Yana nan har yanzu, rawaye a bakin gareji, awaki na tsallakewa. Kada wanda ya share.

Saboda haka ku ji, duk mai ƙaramar motar da ta fito daga wannan gareji tun daga farkon shekarar nan. Ka ɗaga kapo ka dubi yatsan. In babu farin layi a tsakiyarsa, ba na ɗana ba ne. Ka kankare shi da wuƙa, kada ka sayar wa wani da shi, kuma kada ka ɗauki mai ciki ko maras lafiya ka shiga daji da wannan mota. Daga yau kuma babu yatsa a Gaya. Wanda zai sayi mota ya buɗe tukunyar ya taɓa mai da hannunsa, ya bi bututun ya ga inda ya shiga, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Kun saba wani ya duba muku, kuna zaune a inuwa. Mai duba muku ya tafi. In tsohuwa ta iya durƙusawa, ku ma kun iya.

Na aika Hama Karakara da saƙo ga Siddo, na ce ba na roƙon sa komai, ya zo ya gani kawai. Ya zo shekaranjiya. Na sa aka ajiye masa motar masuntan Tounouga kusa da ta Hama, kapo biyu a buɗe. Ya daɗe yana kallon wannan, yana kallon wancan. Ya sa yatsa ya bi farin layin. Sai ya tambayi hanyar maƙabarta. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar gidana, ƙafarsa duk ƙasa, ya ce, "Inna, na je na gaya masa. Na ɗauke maganata daga kansa. Na san inda zan ajiye ta."

Ban tambaye shi inda zai ajiye ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zalika, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba, da ƴarta Balki da za ta tashi ta ji ko wane ne ubanta daga bakin da ba ya ƙarya. Ina yi wa masuntan Tounouga, da duk wanda ya taɓa isa gida lafiya saboda wannan yatsa. Ina yi wa Fatuma da Siddo ta'aziyyar ɗansu, Allah ya sa mai ceto ne, ya mayar musu da mai albarka. Kai Bubakar ban yi maka ba. Ba ka yi rashi ba, gwangwanin fenti ka samu, shi ma ya zube. Ƙofar tuba a buɗe take, amma ta Karakara za ka bi kafin ka isa gare ta, ba ta gidana ba.

Kai kuma, ɗana. An ce mamaci yana buƙatar a ambace shi da sunansa a cikin addu'a, kuma na ga abin da shiruna da na mutanen gari ya kusa jawo maka. Mai karanta wannan takarda ya ɗaga murya a nan, kada ya yi sauri.

Seyni. Seyni ɗana.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka taurin kanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi. Allah ya sa gaskiyar da ka riƙe a ƙarƙashin kapo ta tsaya maka ranar da za a buɗe kowa a duba cikinsa. Ya haɗa ka da ɗan'uwanka da mahaifinku a Aljanna. Ni na yafe maka kwalejin. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Uwarsa,
Zuliha Alfari, Gaya